Ƙurar haƙar zinare da cututtukan huhu a yankin Yauri

Ƙurar haƙar zinare ita ce garin dutse mai laushi da ke tashi sama a lokacin da ake haƙa, fasawa, dakawa ko niƙa dutsen da ake sa ran akwai zinare a cikinsa. A kudancin Jihar Kebbi, wato ƙasar masarautar Yauri wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yauri, Ngaski da Shanga, da kuma ƙauyukan gaɓar tafkin Kainji, haƙar zinare da hannu tana cikin sana'o'in da matasa ke shiga, musamman idan an gama aikin gona. Ƙurar wannan aiki tana iya ɗaukar abubuwa biyu masu cutarwa. Na farko shi ne dalma, wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a Jihar Zamfara a shekarar 2010 da wasu a Jihar Neja a 2015. Na biyu shi ne silika, sinadarin da farin dutse ya ƙunsa, wadda ke taruwa a huhu ta bar tabon da ba ya warkewa.

Dalma tana nuna kanta cikin makonni ko watanni, kuma yara ta fi kayarwa, shi ya sa ita aka fi sani. Illar silika kuwa takan ɗauki shekaru kafin ta bayyana, sau da yawa bayan mutum ya bar aikin ya koma noma ko su, kuma alamominta sun yi kama da na tarin fuka har akan ɗauki wannan a matsayin wancan.

Suna

Likitoci suna haɗa cututtukan da ƙura ke jawo wa huhu a ƙarƙashin suna guda, numokoniyosis, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar huhu da ƙura. Wadda silika ke jawowa ita ce silikosis. Sunan ya samo asali ne daga kalmar Latin ta ƙanƙarar dutse, kuma a Italiya aka fara amfani da shi wajen shekarar 1870.

A maganar yau da kullum mai fama da cutar ba ya kiran ta da wannan suna. Yakan ce yana tari, ko numfashinsa yana sarƙewa, ko ƙirjinsa ya riƙe. Wasu su ce sanyi ne, wasu su ce asma, wasu su ce fuka. Ita kanta kalmar fuka tana da faɗi: a bakin wasu tana nufin asma, alhali a asibiti idan aka ce tarin fuka ana nufin tibi, cutar da ƙwayar cuta ke jawowa kuma take yaɗuwa tsakanin mutane. Wannan haɗuwar suna ba ƙaramin abu ba ce, domin tibi yana warkewa da magani, asma ana iya danne ta, silikosis kuwa sai dai a hana ta faruwa tun farko. Dalma kuma wasu kan ce mata darma. Abu ɗaya ne.

Yankin da sana'ar

Yelwa ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Yauri, Wara ta Ngaski, garin Shanga kuma ta Shanga. Mazauna yankin sun haɗa da Hausawa, Gungawa, Kambari, Shangawa, Dukawa, Fulani da Sarkawa masunta. Madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gina tsakanin 1964 da 1968, ta tare kogin Kwara ya zama tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,300, kuma ta sa aka sake wa kimanin mutum 44,000 matsuguni. Tun daga lokacin rayuwar yankin ta rataya ga tafkin: su, bandar kifi, noman albasa da shinkafa a bakin ruwa, da sufurin jiragen ruwa tsakanin gaɓar Kebbi da ta Neja.

A ƙarƙashin wannan ƙasa akwai tsofaffin duwatsu irin waɗanda suka miƙa daga Zuru zuwa Anka, Maru da Birnin Gwari, inda zinaren arewa maso yammacin Najeriya yake. Wurin da masana duwatsu suka fi ambata a yankin shi ne kewayen Birnin Yauri a ƙaramar hukumar Ngaski. Zinaren wurin yana cikin jijiyoyin farin dutse ne, tare da wasu ma'adinai da suka haɗa da galina, wato dutsen da ake samun dalma daga gare shi. An fara fitar da zinare a hukumance a Najeriya a 1913, aikin ya kai ƙololuwa a shekarun 1930, sannan ya ja baya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ya sake farfaɗowa ne da tashin farashin zinare a kasuwar duniya daga wajen 2008, wannan karo a hannun ƙananan mahaƙa. A 2019 gwamnatin tarayya ta ƙirƙiro shirin PAGMI don tsara haƙar zinare ta gargajiya, aka fara gwada shi a jihohin Kebbi da Osun, kuma a watan Yulin 2020 aka gabatar wa shugaban ƙasa Muhammadu Buhari zinare mai nauyin kilo 12.5 da aka samar a ƙarƙashin shirin.

Dutsen da aka haƙo ba lallai ne a niƙa shi a bakin rami ba. Akan zuba shi a buhu a ɗora a babur ko a jirgin ruwa zuwa inda injin niƙa yake. A ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgin ruwa ya nutse kusa da Wara ɗauke da mutane sama da 150, kuma kaɗan ne suka tsira. Rahotannin lokacin sun ambaci cewa cikin kayan da ya ɗauko akwai buhunan ƙasa daga wurin haƙar zinare. Ke nan ƙurar tana bin buhu, tana iya isa garin da babu rami ko ɗaya a cikinsa.

Yadda ƙurar ke tashi

Aikin yana da matakai, kuma ba duka ne suke da haɗari iri ɗaya ba. Mahaƙi yana sauka rami da diga, guduma da cizal. A wasu wurare ana huda dutse da inji a sa nakiya. Cikin rami iska ba ta zagayawa, saboda haka ƙurar da ta tashi takan daɗe tana shawagi a daidai hancin mai aiki. Bayan an fito da dutsen sai a farfasa shi ya zama tsakuwa, sannan a zuba a injin niƙa, wanda sau da yawa irin na niƙan hatsi ne. A nan ƙura ta fi yawa, domin busasshen dutse ake niƙawa har ya zama gari. Daga nan a wanke garin a kan katakon da aka shimfiɗa wa kafet, a tattara abin da ya maƙale, a cuɗa shi da zaiba ta kama zinaren, sannan a ƙona dunƙulen zaibar ta tashi ta bar zinare.

Ƙurar da ido ke gani, wadda ke mayar da gashin ido da gemu fari, hanci da maƙogwaro suna tare mafi yawanta, a fitar da ita da majina ko kaki. Wadda ke kaiwa can ƙasan huhu ba a ganin ta. Ana auna ta da maikuron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin silin gashin mutum yakan kai maikuron 50 zuwa 100, ƙwayar ƙurar da ke shiga ƙarshen huhu kuwa galibi ba ta kai maikuron 5 ba. Irin wannan takan yi sa'o'i a cikin iska bayan an kashe inji, lokacin da wurin ya yi kamar ya washe. Bincike ya kuma nuna cewa silikar da aka fasa yanzu-yanzu ta fi tsohon yashi cutar da huhu, saboda sabon gefen ƙwayar ya fi saurin lalata naman da ya taɓa.

Abin da ya faru a Zamfara da Neja

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke aikin sa ido kan sanƙarau a Zamfara, suka lura da mutuwar yara da yawa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yaran kan yi amai, su yi jijjiga, su suma, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi musu aiki ba. Gwajin jini ya nuna dalma ce. Dutsen zinaren da ake haƙowa a lokacin yana da dalma mai yawa, kuma a cikin gidaje ake daka shi da niƙa shi, wani lokaci da turmin da ake daka hatsi. Ƙura ta sauka a tsakar gida, a kan abinci, a hannun yaran da ke rarrafe. A ƙauyuka biyu, Dareta da 'Yargalma, binciken da aka yi tare da hukumar CDC ta Amurka ya gano cewa yara 118 daga cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda, wato ɗaya cikin huɗu. An ƙiyasta yaran da suka rasu a yankin baki ɗaya da 400 ko fiye. A wasu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta sa wa wurin wasan yara a lokacin kashi 400 ne.

An kankare saman ƙasar gidajen da suka gurɓata aka zuba sabuwa, aka ba dubban yara maganin da ke fitar da dalma daga jini. Bagega, mafi girma cikin garuruwan, sai a 2013 aka share ta, saboda jinkirin sakin kuɗi. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu. MSF ta miƙa aikin Zamfara ga hukumomin jihar a 2022.

Jihohin biyu suna maƙwabtaka da Kebbi, dutsen dangi ɗaya ne, hanyar aiki iri ɗaya ce, kuma mahaƙa suna yawo daga wannan fili zuwa wancan duk inda aka ji labarin zinare ya fito. Yawan dalma ya bambanta daga rami zuwa rami. Wani dutsen kusan babu ita. Silika kuwa tana cikin kowane farin dutse. Duk aikin ceton da aka yi a waɗannan garuruwa ya karkata ne ga yara da jininsu, kuma daidai ne, domin su ne ke mutuwa a lokacin. Manyan da suka tsaya a bakin injin, nasu lissafin yana cikin huhu, kuma ba ya fitowa a gwajin jini.

Yadda silika ke lalata huhu

Hanyar iska tana rarrabuwa a cikin huhu kamar rassan bishiya, har ta ƙare a ƙananan jakunkuna ɗaruruwan miliyoyi, inda iskar oksijin ke ratsawa ta shiga jini. A cikin waɗannan jakunkuna akwai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da aikinsu shi ne haɗiye duk baƙon abu su narkar da shi. Suna iya narkar da ƙwayar cuta, amma ba sa iya narkar da dutse. Ƙwayar garkuwar da ta haɗiye silika takan mutu, ta saki sinadaran da ke jawo kumburi, ta kuma saki silikar. Wata ta zo ta haɗiye, ita ma ta mutu. Haka abin zai yi ta maimaituwa, jiki yana naɗe wurin da tabo, har a sami ƙananan ƙulluttai masu tauri, galibi a saman huhu. Idan suka yi yawa sukan haɗe su zama dunƙule babba, huhu ya ƙanƙance ya daina buɗewa yadda ya kamata.

Wannan ne dalilin da ya sa cutar ke iya ci gaba ko da mutum ya bar aikin shekaru da yawa. Ƙurar da ta riga ta shiga tana nan.

Nau'o'i da alamomi

Likitoci sun kasa silikosis gida uku bisa yawan ƙurar da aka shaƙa da tsawon lokacin. Mai tafiyar hawainiya ita ce ta fi yawa, tana bayyana bayan shekara 10 zuwa 30. Mai gaggawa tana bayyana cikin shekara 5 zuwa 10 ga wanda ya shaƙi ƙura mai yawa. Mai tsanani kuwa tana iya kama mutum cikin makonni ko 'yan shekaru kaɗan idan ƙurar ta wuce misali. Jakunkunan huhu kan cika da wani ruwa mai kauri, kuma yawanci tana kaiwa ga mutuwa. Masu huda busasshen dutse a rami da masu tsayawa a bakin injin niƙa su ne suka fi kusa da nau'o'i biyu na ƙarshe.

Da farko babu wata alama. Daga baya mutum zai lura yana haki idan ya hau tudu, ko ya ja taru, ko ya tuƙa kwalekwale nisan da a da ba ya jin sa. Sai tari marar ƙarewa, gajiya, rama da ciwon ƙirji. Idan ta yi nisa numfashi kan gagara ko a zaune, leɓe ya yi duhu, ƙafafu su kumbura saboda zuciya ta gaji da tura jini cikin huhun da ya taurare. Ƙurar silika tana kuma jawo toshewar hanyoyin iska ta dindindin, ciwon ƙoda da wasu cututtukan gaɓoɓi, kuma a 1997 hukumar binciken ciwon daji ta duniya, IARC, ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam ciwon dajin huhu.

Alaƙa da tarin fuka

Ƙwayoyin garkuwar da silika ke kashewa su ne dai waɗanda ke tare ƙwayar tarin fuka. Saboda haka mai silikosis ya fi wanda ba shi da ita haɗarin kamuwa da tarin fuka kusan sau uku zuwa huɗu, kuma ko wanda ya shaƙi ƙurar bai kai ga silikosis ba haɗarinsa ya ƙaru. Idan mutum yana ɗauke da cutar ƙanjamau haɗarin yakan ninka. Najeriya ita ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, kuma zaman sansanin haƙa, inda mutane da yawa ke kwana a bukka ɗaya, yana sauƙaƙa yaɗuwarsa. Mahaƙin da ya kamu yakan koma gida da shi, ya sa wa matarsa da 'ya'yansa waɗanda ba su taɓa zuwa bakin rami ba.

Cututtukan biyu suna kama da juna a hoton ƙirji, kuma suna iya haɗuwa a mutum ɗaya. Akan sami wanda ya sha maganin tarin fuka na wata shida, gwajin kaki ya nuna babu ƙwayar cutar, amma haki da tari ba su tafi ba, har a sake ɗora shi a kan magani ko iyalinsa su fara zargin sammu. Abin da ke raba gardama sau da yawa tambaya ce guda da ba ta cin ko kwabo: wane aiki ya taɓa yi, kuma shekara nawa. Mutumin da ya zo asibiti a matsayin manomi ko masunci ba lallai ne ya ambaci shekaru biyar da ya yi a bakin injin niƙan dutse ba idan ba a tambaye shi ba.

Wasu abubuwan da ke ƙara wa huhu nauyi

Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kawo hazo daga Sahara, mafi yawansa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, wanda ƙasan tsohon tafki ne da ya ƙafe. Lokacin ya zo daidai da lokacin da aikin haƙa ya fi ƙarfi, kuma yana tayar da asma da tari ga masu raunin huhu. A garuruwan bakin tafki akwai kuma hayaƙin itace, na girki da na bandar kifi, wanda mata suka fi shaƙa. Shekaru a cikin irin wannan hayaƙi suna jawo toshewar hanyoyin iska ko ga wadda ba ta taɓa shan taba ba. Shan taba yana ƙara tsananta komai. Tururin zaibar da ake ƙonawa kuma yana iya ƙona huhu nan take idan an yi a cikin ɗaki, ban da illarsa ga ƙwaƙwalwa da ƙoda, wadda ke jawo rawar hannu da mantuwa. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Minamata ta rage amfani da zaiba a 2018.

Misalai daga wasu ƙasashe

Abin da aka sani game da illar ƙura ta dogon lokaci an samo mafi yawansa ne daga wuraren da aka bi sawun mutane shekara da shekaru. A 1930 aka fara huda wani dogon rami a Hawks Nest da ke jihar West Virginia ta Amurka, ta cikin dutsen da kusan dukansa silika ne. An yi hudar a bushe don sauri, ma'aikata kuma mafi yawansu baƙaƙen fata ne 'yan ci-rani. Cikin watanni suka fara mutuwa. Binciken majalisar dokokin ƙasar na 1936 ya ambaci mutum 476, wani likita mai suna Martin Cherniack kuma ya ƙiyasta 764 a littafinsa na 1986.

Wani misalin da aka yi nazarinsa sosai shi ne na birnin New York. Lokacin da dogayen benaye biyu na Cibiyar Kasuwanci ta Duniya suka rushe a ranar 11 ga Satumban 2001, gajimaren ƙurar siminti, gilashi, asbestos da dalma ya rufe unguwar, wuta kuma ta ci gaba da ci a ƙarƙashin ɓaraguzan har Disamba. An ƙiyasta mutum kusan 400,000 sun shaƙi ƙurar ko hayaƙin. Mako guda bayan rushewar hukumar kare muhalli ta ƙasar ta ce iskar ba ta da matsala, maganar da daga baya binciken cikin gida na hukumar ya nuna ba a da isasshen dalilin faɗin ta. Da yake 'yan kwana-kwana na birnin ana auna musu ƙarfin numfashi tun kafin abin ya faru, an iya kwatantawa: cikin shekarar farko sun yi asarar abin da mutum kan yi asara cikin shekara 12 na tsufa, kuma binciken da aka buga a 2010 ya nuna bayan shekara bakwai yawancinsu ba su dawo yadda suke ba. Waɗanda suka isa wurin da safiyar ranar su ne suka fi jin jiki. Mazauna unguwar da suka koma gidajen da ƙura ta cika, suka share da kansu, su ma an sami ƙarin asma da tari a cikinsu. 'Yan kwana-kwana 343 ne suka mutu a ranar. Zuwa Satumban 2023 ma'aikatan hukumar da suka mutu daga cututtukan da suka biyo baya sun kai wannan adadi.

Ƙurar New York ta bambanta da ta filin zinare. Waccan mai kaushi ce mai zafi kamar toka, an shaƙe ta da yawa a lokaci guda, kuma ta fi lalata hanci, maƙogwaro da hanyoyin iska. Ta filin zinare kullum ake shaƙar ta, kuma naman huhu take taurarawa. Inda suka haɗu shi ne jinkirin bayyanar cuta, da kuma shigar ƙura gida ta kama waɗanda ba ma'aikata ba. An san adadin na New York ne saboda an rubuta sunayen mutum fiye da 71,000 a rajista ana bibiyar lafiyarsu, kuma a Janairun 2011 aka sa hannu a kan dokar da ta ɗauki nauyin jinyarsu, mai ɗauke da sunan James Zadroga, ɗan sandan da ya rasu a 2006.

Ganowa da magani

Ana gano silikosis ta hanyar tarihin aikin mutum, hoton ƙirji, da na'urar auna ƙarfin numfashi, bayan an yi gwajin kaki don a tabbatar ko akwai tarin fuka. Babu maganin da ke goge tabon. Abin da ake yi shi ne raba mutum da ƙura, daina shan taba, magance tarin fuka da sauran cututtukan ƙirji da wuri, ba da maganin buɗe hanyar iska, da ƙarin oksijin idan ta yi tsanani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa tantance masu aikin ƙurar silika don neman tarin fuka ko ba su da alama, a kuma ba masu silikosis maganin rigakafinsa. Gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati a Najeriya.

Rigakafi

Ruwa shi ne babban makami, kuma yankin Yauri ba ya rasa shi. Jiƙaƙƙen dutse ba ya tayar da ƙura. A wani gwaji da ƙungiyar Occupational Knowledge International ta yi tare da MSF a wani ƙauyen mahaƙa a Jihar Neja, wanda aka buga sakamakonsa a 2019, an sa bututun fesa ruwa a wurin haƙa da niƙa. Dalmar da ke cikin iska ta ragu da kashi 95 cikin ɗari, silika kuma da kashi 80. Kayan aikin ba su wuce tanki, famfo da kan feshi ba. Sai dai ruwan wankin yana buƙatar ramin da zai kwanta a ciki, nesa da rijiya da bakin tafki, domin laka mai dalma ko zaiba idan ta shiga ruwa tana kaiwa ga kifi, idan kuma aka bar ta ta bushe a fili iska za ta sake tayar da ita.

Sauran matakan su ne fitar da daka da niƙa daga cikin gari, hana yara da masu juna biyu zuwa wurin, raba injin dutse da na hatsi, wanka da sauya tufafi kafin a koma gida, yayyafa ruwa kafin shara, da jinkirta shiga rami bayan an tayar da nakiya. Rawani, ƙyalle ko takunkumin asibiti na yau da kullum ba sa tare ƙwayar da ba ta kai maikuron 5 ba. Takunkumi irin N95 yana tarewa idan ya zauna daram a fuska, amma gemu yana hana shi zama, zafi yana sa a cire shi, kuma yana toshewa da sauri a wurin niƙa. Shi ya sa masana ke ɗaukar sa a matsayin mataki na ƙarshe, bayan an rage ƙurar daga tushe. Amurka ta sa iyakar silika a wurin aiki a kan maikurogiram 50 cikin kowace mita kubik ta iska, a aikin sa'a takwas, tun 2016.

Doka da diyya

Dokar Ma'adinai ta Najeriya ta 2007 ta tanadi lasisin ƙananan mahaƙa, ta kuma ƙarfafa su haɗu cikin ƙungiyoyin gama-kai don a yi musu rajista. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke aiwatarwa, ta shafi cututtukan da ake ɗauka a wurin aiki, kuma asusunta ya dogara ne da kashi ɗaya cikin ɗari na albashi da mai ɗaukar ma'aikata ke biya. Mahaƙin gargajiya galibi ba albashi yake karɓa ba. Rabo yake samu daga abin da rami ya bayar, ko ya sayar wa dillalin da ya ba shi kuɗin abinci da kayan aiki, saboda haka ba shi da ubangida a takarda. A Afirka ta Kudu, inda mahaƙan zinare ma'aikatan manyan kamfanoni ne masu rajista, sai da aka yi shekaru ana shari'a kafin kotu ta amince a 2019 da sulhun rand biliyan 5 ga waɗanda suka kamu da silikosis ko tarin fuka a aikin da suka yi tun daga 1965, aka kafa asusun Tshiamiso don biyan su da magadansu.